Jariri ba ƙaramin babba ba ne: a daina rubuta masa magani a WhatsApp

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in jariri ya yi zazzaɓi a gidanku, wa ake aika kemis? Kai ne. Wa ke tambaya a guruf ɗin WhatsApp, "me zan ba shi?" Ke ce. To, wannan maganar taku ce.

Daga Samaru har kasuwar Sabon Gari, sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta ba takardar likita abu ne mai sauƙi. Ka ce "a ba ni Septrin na yara", a miƙo maka. Alhali masu yin maganin da kansu sun ce kada a ba jaririn da bai kai mako 6 ba.

Ga ɗaya daga cikin haɗarinsa. A cikin jini akwai sinadarin himogulobin, shi ke ɗaukar iskar oksijin ya kai ko'ina a jiki. Magungunan dangin salfa irin su Septrin, da dafson da ake ba masu kuturta, kan iya sauya wannan sinadari ya kasa ɗaukar iska. Jikin babba yakan gyara ɓarnar da kansa. Na jariri ɗan ƙasa da wata 4 kuwa bai gama samun abin gyaran ba. Sai ka ga yaro yana numfashi amma jikinsa na kukan rashin iska.

Alamun fa? Kada ki tsaya duba fata. Duba leɓe, harshe, dasashi da farce: in sun koma shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, ga kasala, ga ƙin kama nono, ga numfashi sama-sama, ba lokacin ɗaukar hoto a tura guruf ba ne. A nufi asibiti nan take. Na koyarwa na ABU da ke Shika ba shi da nisa da Samaru. A tafi da kwalbar maganin, a gaya wa likita gaskiya, har da abin da uwar ke sha, domin wasu magungunan na bi ta nono.

Ciwon yana da magani in an je da wuri, amma allura ce ta asibiti, kuma likita ne kaɗai ya san yaron da ba za ta karɓa ba.

Ba mu ce maganin kashe ƙwayoyin cuta guba ba ne. Yana ceton jarirai kullum, in likita ya auna nauyin yaro ya rubuta. Don haka gobe in an aike ka kemis, ka ce, "Umma, mu je a duba shi tukuna." Ai rigakafi ya fi magani.