Ramin allura a leda, asarar buhun wake

 Wake ya shigo gida, saura ajiya, kuma nan ne da yawanmu ke faɗuwa. Mutum ya ɗaure buhu, bazara ta yi ya kwance, sai ya tarar ƙwaro ya mai da rabi gari. Sai mu ce "haka Allah ya so". Gaskiya ne, amma mun duba ledar kafin mu zuba?

Buhun PICS mai ciki uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007, masu bincike na INRAN a Maraɗi sun gwada shi sosai. Babu magani a cikinsa. Leda biyu ne ke toshe iska, ƙwaron ya shanye ƴar iskar da ta rage, ya daina ci, ya bushe ya mutu. To in akwai huda ko da ta bakin allura ce, iska na shiga, ƙwaro na ci gaba da biki.

Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne. Bafaranshe Pierre-Gilles de Gennes ya samu kyautar Nobel a 1991 kan nazarin abubuwa masu taushi irin su roba da leda. Leda dai dogayen zarurruka ne ƙanana da ido bai gani, sun sarƙe da juna. Inda ta yi siriri, ko ta karye wajen ninki, ko rana ta gasa ta, nan nauyi ke taruwa, nan take fara yagewa.

Saboda haka kafin zubi, mu hura wa kowace leda iska, mu riƙe bakin, mu danna. In ta sace, akwai rami. A liƙe shi ko a sake leda. A shanya wake ya bushe, a fidda tsakuwa da kara. A ɗaure kowane ciki daban. A ɗora buhu bisa katako, cikin inuwa, nesa da ɓera.

Ku kuma ƴan kasuwa, ku ji tsoron Allah, ku bar saida wa manomi leda sakaka da sunan ta gaske. Wahalar damina guda ce ke cikin buhun nan.