Kyauta Ce, Amma Tana da Mai Ita

Wata magana ta zama ruwan dare tsakanin matasanmu masu rubuta manhaja, daga Birnin Kebbi har Kano: wai duk aikin da aka baje a GitHub ba shi da uba. Sai mutum ya kwaso, ya goge sunan marubucin, ya liƙa nasa, ya sayar wa ɗan kasuwa ko makaranta. Sunan wannan cin amana.

Mun fi kowa cin moriyar bayin Allah masu baje aikinsu kyauta. Wayar Android da ɗan kwale-kwale a Dole Kaina ke kiran abokin cinikinsa na Malanville da ita, ginshiƙinta Linux ne, wanda Linus Torvalds ya faro a 1991. Alƙaluman asibitocinmu kuwa kan DHIS2 na Jami'ar Oslo ake tara su. Ba wanda ya nemi kwabonmu, sharaɗi kawai aka gindaya, kamar rijiyar wakafi: ka sha, ka shayar, amma ba ka isa ka kewaye ta ka ce ta gidanku ce ba.

Sharaɗin ma ba nauyi gare shi ba. Lasisin MIT, wanda Segun Adebayo, ɗan Nijeriya, ya saki manhajar Chakra UI da shi, ya yarda ka gyara, har ka sayar, muddin ka bar sunan mai haƙƙi da rubutun izinin. Lasisin GPL kuma cewa ya yi in ka gyara ka rarraba, to ka buɗe gyaranka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta san manhaja a matsayin rubutu mai kariya.

Masu goge sunan marubuci na cewa wa zai biyo ka bakin iyaka da sammaci? To, asarar taka ce. Da aka gano ɓarakar tsaro a manhajar Log4j a Disamba 2021, wanda ya san asalin kayan da ke cikin manhajarsa shi ya toshe da wuri. Wanda ya shafe asali fa, me zai gaya wa wanda ya sayar wa?

Kuma ba Turawa suka koya mana wannan ladabi ba. Malam Abdullahi na Gwandu littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don lissafa malaman da ya ɗauki karatu wurinsu. Masu koyar da kwamfuta a Kebbi su fara da karanta lasisi, masu saye kuma su riƙa tambayar asalin manhaja kafin su biya.