Abin da Hamza ta Jawo Mana a Ofis

Yau zancenmu a kan rumbun bayanai na kwamfuta ne, inda a ke ajiye sunayen mutane.

Ran nan a ofishinmu muna shigar da sunayen ma'aikata don biyan albashi. Na Audu ya shiga, na Garba ya shiga, amma da muka zo kan Sa'idu sai na'ura ta ƙi. Haka Mu'azu, haka A'ishatu. Wata ya kusa mutuwa, bayin Allah nan ba su cikin takardar albashi.

Da na bincika sai na tarar laifin nawa ne, don ni na rubuta umurnin. Harshen da a ke yi wa rumbu magana da shi, watau SQL, yana buɗe suna ya rufe shi da 'yar alamar nan da mu ke rubuta hamza da ita. Ni kuwa na liƙa sunan a tsakiyar umurni. Saboda haka da rumbu ya karanta "Sa" sai ya zaci suna ya ƙare, ya ɗauki "idu" umurni ne, ya ruɗe.

Maganin shi ne a bar gurbi cikin umurnin, sa'an nan a miƙa sunan dabam, kamar yadda a ke cika takardar da aka buga da filin suna. Amma a lura da abu huɗu. Alamar gurbi ta bambanta: a harshen Python, sqlite3 na son ?, psycopg kuwa %s. Kada a kewaye gurbi da alamar hamza. Yawan abin da aka miƙa ya yi daidai da yawan guraben. Sunan tebur kuma ba ya shiga gurbi.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Ƙofar da hamza ta bi, ita ɓarawo ke bi ya cusa nasa umurni a filin suna. Ta haka aka saci bayanan mutum wajen 157,000 na kamfanin TalkTalk a Ingila cikin 2015, hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000 cikin 2016.

To, jama'a, sunayen mutane amana ce a hannunmu. Kowa ya gwada aikinsa da sunan Sa'idu tun wata bai mutu ba.