Ina Tatsuniyar da Ake Ba da Gari a Kanta?

Makarantun Zinder da gidajen rediyonta kan shirya abin da ake kira gasar kacici-kacici. A jera yara biyu-biyu ko uku-uku, mai gabatarwa ya riƙe takarda ya dinga jefa tambaya. Wane sarki ne ya kewaye Birni da ganuwa? Tanimun. A wace shekara aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder aka mayar Yamai? 1926. Wanda ya haddace ya ci, wanda ya manta ya koma gida da haƙuri. Gasar tana da amfaninta, kuma babu mai cewa a daina. Sai dai kakar yaron da ya ɗauki kyauta, in ta kasa kunne, ba za ta gane abin da ake yi ba, domin kacici-kacicin da ta sani wani abu ne dabam.

Nata yana farawa bayan an ci tuwon dare, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Jikoki su amsa, "Ta zo mu ji ta." Ta ce, "Baba na ɗaka, gemu na waje." Wani ya ce bunsuru, a yi masa dariya. Wata ta ce masara, kaka ta girgiza kai. In sun gaji sai babbarsu ta ce, "Kaka, mun ba ki gari." A ba ta Mirriya, ta ce ta yi mata kusa. A ba ta Magarya, ta ƙi. Sai an kai ga Agadas ko Kano, wani lokaci har Makka, sannan ta karɓa, ta faɗi yadda za ta shiga garin da irin shagalin da za ta sha a can ita kaɗai. Bayan duk wannan ne take buɗe baki ta ce wuta ce da hayaƙi. Yaran su waiwaya su dubi madafa, inda hayaƙin ke fita ta saman ƙofa tun kafin a fara hirar.

Bambancin ke nan, kuma ba ƙarami ba ne. Tambayar gasa tana auna abin da aka taɓa faɗa wa yaro ya riƙe. Tambayar kaka amsarta na gaban idon kowa, an dai rufe ta da wata kama. Shanu dubu masu maɗauri ɗaya tsintsiya ce da ke jingine a bango. Ɗakin saurayi da ba shi da ƙofa ƙwai ne. Tsumangiyar kan hanya da ke fyaɗe yaro ta fyaɗe babba yunwa ce, wadda mutanen Damargu da Damagaram ba sa bukatar a yi musu bayaninta. Ba a cin irin wannan da hadda. Sai yaro ya koyi kallon abu guda ta fuska biyu.

Wanda ya buɗe tsofaffin littattafan Hausa zai tarar cewa kalmar da aka fi kiran wannan tambaya mai ɗaure kai da ita ita ce tatsuniya. Ƙamusun Bargery na 1934 ya ba kalmar ma'ana biyu, labarin da ake bayarwa da dare da kuma tambayar da ake cewa a cinta. Mabuɗinsu ma ɗaya ne, lokacinsu ɗaya, haka kuma gargaɗin da ake yi wa yara cewa mai yin tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa ya haɗa duka biyun. Sunan kacici-kacici, ko kacinci-kacinci kamar yadda wasu ke furtawa, yana nan tun dā, amma a bakin mutanen dā gajeriyar tambayar ƙanwar doguwar tatsuniyar Gizo ce, ɗaki ɗaya suke kwana. Da ita ake ɗumama hira kafin a shiga labari. Wannan ya nuna yadda suka ɗauki labarin kansa: abu ne da ake so mai saurare ya kwance da hankalinsa, ko da ba a ƙare shi da alamar tambaya ba.

Ƙasar Damagaram tana da hannu dumu-dumu a yadda waɗannan abubuwa suka fara shiga takardar ɗab'i. An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Yana yaro aka kama shi a harin bayi, aka bi da shi ta Zinder zuwa Kukawa, inda Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, Dorugu da abokinsa Abbega suka bi Heinrich Barth, suka sake ratsa Zinder a ƙarshen wannan shekarar, suka kai Timbuktu, daga bisani suka isa Ingila a 1855. A can ne ya zauna da J. F. Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyin da ya ji a gida, shi kuwa yana rubutawa. Kaso mai yawa na littafin Magana Hausa, wanda ya fito a 1885, daga bakin wannan yaro ya fito. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. Abin da ya tsallake Sahara da teku da shi ba karatun allo ba ne, ba na boko ba, hirar dare ce ta ƙauyen ƙasar Kance.

Bayansa masu tarawa suka yi yawa. Merrick ya sa jerin kacici-kacici a littafinsa na karin magana na 1905. Hermann Harris ya fitar da nasa na labarai da kacici-kacici a 1908. A ɓangaren Faransa, Landeroin, tafintan tawagar Tilho da ta shata iyaka tsakanin kogin Kwara da tafkin Cadi daga 1906 zuwa 1909, ya tattara tarihin Damagaram daga bakin dattawa, kuma shi da Tilho suka buga nahawu da tatsuniyoyin Hausa a Paris a 1909. Sai gagarumin aikin Frank Edgar, Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, wanda malamai suka fara rubutawa da ajami, akasari a ƙasar Sakkwato.

Waɗannan littattafai sun ceci abubuwa da yawa, amma sun zo da wata illa. Inda aka jera kacici-kacici, tambaya ce a hagu, amsa a dama. Amsoshin kuskure da dariyar da ke biye da su ba su shiga ba. Cinikin gari bai shiga ba, alhali nan ne yaro ke koyon sunayen garuruwa da darajarsu, ya san cewa Kano ta fi Matamai nisa, Makka kuma ta fi kowane gari tsada. Da aka mayar da wasan jerin tambaya da amsa, an share hanyar da za a ɗauki sunansa a laƙaba wa kowace irin jarrabawa.

Akwai kuma tatsuniyar manya mai ɗaure kai, wadda masana adabin Hausa ke sawa ƙarƙashin almara. Mutum ya zo bakin gulbi da kura da akuya da damin dawa, kwalekwalen ba ya ɗaukar fiye da shi da abu guda. Wannan tana da mafita, kuma an san irinta a Turai tun zamanin Alcuin, wajen shekara ta 800. Wata kuwa ba ta da mafitar da kowa zai yarda da ita. Samari uku, kowanne ya yi bajintar da in ba ita ba yarinya ba ta rayu ba, to wa za a ba aurenta? Irin waɗannan labarai masu ƙarewa da tambaya suna cikin tarin Edgar. A dandali akan raba dare ana gardama a kansu, kowa ya kawo hujja, a tashi ba a yanke ba. Mutanen da wata rana za su zauna a zauren mai unguwa su raba gardamar gona ko ta aure, a nan suka fara koyon sauraren hujjar abokin hamayya.

Kada a ɗauka abin na mata da yara ne kawai. Zaurukan malamai na da nasu, wanda Larabawa ke kira lugzu. Asalinsa na da daraja: Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ne, amma kunya ta hana shi magana saboda shi ne ƙarami a wurin. Da ya faɗa wa mahaifinsa daga baya, Umar ya nuna cewa ya so a ce ɗan nasa ya faɗa. Bukhari ya ajiye hadisin a babin ilimi, ƙarƙashin batun malami ya jefa wa almajiransa tambaya don ya gwada fahimtarsu.

Duk almajirin da ya yi nisa a lugga, daga Timbuktu zuwa Kano da Barno, ya san Muƙamar Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122. Cikin muƙama hamsin ɗin, da dama an gina su ne a kan tambayoyi masu ɗaure kai. A ta 32 an jera mas'alolin fiƙihu ɗari, kowacce da kalma mai fuska biyu: a tambayi hukuncin alwala da abin da maciji ya tofar, alhali kalmar da ta ba da ma'anar maciji ita ce kuma jam'in magudanar ruwan kwari. Ta 15 kuwa ta gado ce. Mutum ya rasu ya bar ɗan'uwa shaƙiƙi, Musulmi, ɗa ba bawa ba, ya kuma bar mata. Matar ta ɗauki rabonta, ɗan'uwanta ya kwashe saura, shaƙiƙin mamaci ya tashi hannu rabbana. Ta yaya shari'a za ta yarda da haka? Warwarar ita ce mamacin ya aurar wa ɗansa uwar matarsa, ɗan ya rasu ya bar yaro. Yaron nan ƙanen matar ne ta wajen uwa, kuma jikan mamaci ne ta wajen ɗa namiji. Mata ta ɗauki tumuni, jika ya shamakance ɗan'uwa. Almajirin da ya kwana yana juya wannan ba zai sake manta wa ke hana wa gado ba. Ibn Farhun, alƙalin Madina ɗan mazhabar Malikiyya da ya rasu a 1397, littafi sukutum ya rubuta na irin waɗannan tambayoyi, babi-babi bisa tsarin fiƙihu.

Mai suka zai ce malamai sun ƙi tambayar tarko, kuma gaskiyarsa. Akwai ruwaya a Abu Dawud da ta hana tambayoyin da ake yi don a kayar da malami a kunyata shi. Amma abin da aka ƙi niyyar kunyatarwa ce. Wasan tsakar gida ya riga ya toshe wannan ƙofar da dabarar ba da gari. Wanda ya kasa ba a kore shi ba, ba a rage masa maki ba. Ya biya da garin da ba nasa ba, ya karɓi amsa, gobe shi ne zai je ya ɗaure ƙannensa da ita.

Abin damuwa shi ne inda kalmomin biyu suka dosa a yau. In ɗan siyasa ya yi alkawarin da ba a yarda da shi ba, sai a ce tatsuniya ce, wato zancen banza. Kacici-kacici kuma ya koma gwajin hadda. Tsakanin biyun, motsa hankalin da ke cikinsu ya faɗi ƙasa, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Yaran lakwal, wato makarantar boko, da yawa suna kwafe darasi daga allo cikin harshen da ba su ji sosai, su haddace, su mayar wa malamin aji ranar jarrabawa. Wanda ya taso a haka, in aka turo masa saƙon ƙarya a WhatsApp, da wuya ya tsaya ya tambayi abin da ke ɓoye a bayan maganar.

Zinder ce ta fi dacewa ta fara gyara. A nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci a 1973. Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma harshe ba ya shiga aji hannu sake, sai da abin karantawa. Jami'ar da ke ɗauke da sunan André Salifou, ɗan Zinder da ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, tana da ɗalibai daga Tanut da Gure da Magarya da Kance. Kowannensu na da waya mai naɗar murya, kowannensu na da kaka ko gwaggo. A tura su hutu da aiki guda: su naɗo zaman gaba ɗaya, da amsoshin kuskure, da garuruwan da aka bayar da waɗanda aka ƙi karɓa, cikin karin harshen wurin ba tare da an gyara shi ya koma Kananci ba. Cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda aka kafa don adana adabin baka, ta san yadda ake taskance irin wannan.

Malaman firamare kuma su ware minti goma a mako, su bar yara su ƙirƙiro nasu a kan abin da suke gani yau: kabu-kabu, bidon ɗin ruwa a layin famfo, wayar da cajinta ya ƙare. Masu zaure su komo da mas'alolin gado irin na Hariri ga almajiran da suka kai littafin Risala. Tsofaffin da suka yi wannan hira kafin talabijin ya shiga gidaje yanzu sun haura saba'in, saboda haka aikin naɗar ya kamata ya fara da hutun bana.