Makarantun lafiya: araha ba ta ado

Duk wanda ya ratsa Maraɗi ko Yamai zai ga allunan makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu jere kamar rumfunan kasuwa. A da, mai son aikin anfirme ko ungozoma sai ya nufi makarantun gwamnati na ENSP a Yamai ko Damagaram, mai son zama likita kuwa sai Jami'ar Yamai. Yanzu ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, ga kuma masu jari sun shigo fage. To, da me makaranta za ta fi ƴar'uwarta?

Wasu sun ɗauka rage kuɗin karatu da yawan talla a rediyo su ne dabara. Amma ɗan kasuwa ya sani, wanda ya karya farashi yau, gobe maƙwabcinsa zai karya fiye da shi, daga nan sai a fara tauye mudu. Tauye mudu a nan shi ne cunkoso a aji, ƙarancin malamai, da ɗalibin da zai karɓi difiloma bai taɓa karɓar haihuwa ba.

Mu mutanen Dakoro mun san kayan da muke nema. A yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar MSF ta buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a garinmu, mun ga darajar hannun da ya ƙware. Tun da aka mai da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, gidajen likita suka cika maƙil. Sai dai ma'aikacin da aka turo daga birni, sau da yawa kafin damina biyu ya fara neman canjin wuri.

Ga kasuwar da ba a cika waiwaya ba. Makarantar da ta ɗauki ƴaƴan Kornaka, Birnin Lalle da rugagen Tarka, masu jin Fulatanci ko Buzanci, ta tura su gwajin aiki a asibitin Dakoro da na ƙauyuka maimakon su yi cincirindo a Maraɗi, ita ce za ta fitar da ma'aikatan da za su zauna. Irin wannan suna ba a sayen sa da talla.

Don haka, Alhaji, kafin ka biya wa ɗiyarka kuɗin shekara uku, tambayi abu biyu: gwamnati ta amince da makarantar? Ɗalibanta nawa suka ci jarrabawar ƙasa bara? Hannun da ka biya aka koyar, wata rana shi ne zai yi maka allura.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.