Laifin Wikipedia ne ko Namu?

'Yan'uwa ɗalibai, wani ƙorafi ya yi yawa a bakinmu, wai Wikipedia ta raina ilmin Bahaushe. Hujjar masu ƙorafin ita ce dokar nan da ta hana mutum shigar da binciken kansa, sai abin da aka riga aka buga, wanda kowa zai iya komawa ya duba. Wato in ɗan Ɗambatta ya rubuta yadda Ɗantunku ya yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo tawaye, ya ce daga bakin kakansa ya ji, sai a goge.

To, ni na ce a goge ɗin! Malaman hadisi ma ba su karɓar "an ce" sai da isnadi. In aka buɗe ƙofar "kakana ya ce", gobe kowane ƙauye a ƙasar Bichi da Kunci zai wayi gari shi ne ya riga kowa kafuwa, kuma masu rikicin sarauta da na iyakar gona su sami sabon fagen dambe.

Dokar tana da ciwo, ban musa ba. A 2011 Achal Prabhala ya gwada kafa hujja da maganar baka a Indiya da Afirka ta Kudu, amma dokar ba ta sauya ba. A 1965 kuwa Mortimore da Wilson suka buga nazarinsu a kan ƙauyukan da ke kewaye da Kano, inda ake noma gona kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da taki, har da wanda jakuna ke kwasowa daga birni. Yau littafinsu madogara ne, manomin da ya koya musu kuwa ba madogara ba ne.

Amma su waye suka hana mu yin abin da suka yi? Kundayen digiri a kan tarihin garuruwanmu suna nan jibge a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, ƙura tana ci, alhali Wikipedia ba ta cika yarda da kundin digirin farko ba. Malamanmu, ku gafarce ni, nawa daga ciki kuka tace kuka kai mujalla? Mu kuma ɗalibai kowa da waya a aljihu, amma wa ya je Makoɗa ko Tsanyawa a hutun bana ya ɗauki muryar wani tsoho, ya rubuta sunansa da ranar hirar?