Sharhi: Raunin da ke jiki, ciwon da ke zuci

A asibitocin ƙasar Ingila da wuya rana ta fito ta faɗi ba a kawo wanda ya ji wa kansa rauni da gangan ba, kuma da yawansu matasa ne. An daɗe wasu ma'aikatan jinya na yi wa irin waɗannan mutane kallon masu neman suna da ɓata wa likita lokaci. Abin har ya kai a shekarar 2004 sai da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a ƙasar, ta fito fili ta ce wajibi ne a ba su maganin kashe zafi yayin ɗinke rauni, kamar kowane majinyaci.

A yau dai masana sun haƙiƙance cewa akasarin masu wannan hali suna neman sauƙin wani ƙunci ne da ya fi ƙarfin bakinsu, ko na baƙin ciki, ko na cin zarafin da aka yi musu, ko na kaɗaici. Sauƙin kuwa na ɗan lokaci ne, ɓarnar ita ce mai daɗewa. Rauni kan ruɓe, jijiya kan tsinke hannu ya shanye, magungunan da aka sha fiye da kima kan lalata hanta bayan kwanaki, alhali mutum na ganin ya tsira. Kazalika bincike ya nuna cewa kimanin mutum 1 cikin 6 na waɗanda aka kai asibiti kan maimaita cikin shekara guda, kusan 1 cikin 25 kuma kan hallaka kansa cikin shekaru 5.

Saboda haka ne sabbin ƙa'idojin shekarar 2022 suka tanadi cewa duk wanda ya zo da irin wannan rauni, ƙwararre ya zauna da shi ya ji abin da ke damunsa. Domin kuwa wanda aka tarba da tsawa, gobe ɓoye ciwonsa zai yi.

Tsoron hukunci ma haka yake korar majinyaci daga asibiti. Ingila ta soke hukunta wanda ya yi yunƙurin kashe kansa tun 1961, majalisar dokokin Ghana ta bi sahu a 2023.

To sai dai doka ba ta shiga tsakar gida. Iyaye da malamai su ne kan fara ganin tabon da aka rufe da doguwar riga. Abin da likitoci ke nema gare su shi ne su tambaya cikin natsuwa, su saurara ba tare da gori ba, su raka yaron asibiti tun dare bai yi ba.